Shekarun Akawu na Takarda

Sai da Akawu ya yi ritaya sannan ya gano gwamnati ce ta lalata duniya. Shekara da shekaru yana cin albashinta bai lura ba.

Ana nan sai ga jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya ta shigo unguwa. Zancensu ya kwanta masa: gwamnati ta cire hannu daga kasuwa, kowa ya riƙe gidansa, yaro ya san babba, abin da aka gada kada a taɓa. Ya ture matacciyar motarsa waje, ya share gareji, ya jera benci, ya ce ga ofis. Ba don Allah ba ne, shugabancin reshen unguwa yake so.

To, wani ɗan unguwar, Mai Taya, shi ma yana so, kuma ya fi shi jama'a. Ranar zaɓe Akawu ya dubi fuskoki ya ga ba nasa, sai ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, yaushe iyayenmu suka ɗaga hannu? Babba shi ne gaba. Wanda ya fi shekaru ya hau."

Aka tafa. Akawu ya zauna yana murmushi, don da wayonsa aka haifi Mai Taya, shekara huɗu cur ya ba shi.

Sakataren jam'iyya ya ce, "Madalla. Kowa ya kawo katin shaida."

Nan Akawu ya tuna da abin da ya yi. Lokacin da ritaya ta taso masa yana aiki, shekara shida ya yanke a takarda don ya ƙara daɗewa a kujera.

Sakatare ya karanta katunan biyu. Mai Taya ya riƙe haɓa.

"Ashe ƙanena ne nake ta rusuna masa?"

"Kuskuren rubutu ne," in ji Akawu.

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji Sakatare. "Sai mu rubuta wa ofishin fansho su gyara."

Akawu ya yi lissafi. In suka gyara, fanshon ya tafi, wataƙila har da kotu. Ya waiga wajen yayarsa, tana bakin ƙofa tana kallon ikon Allah.

"Yaya, ke kika goya ni, faɗa musu."

"Na goya ka kam, nauyi kamar dutsen niƙa. Amma shekara, kai ne mai biro. Ni ban yi boko ba."

Akawu ya dubi kujerar shugaba, tasa ce ma, daga falo ya ɗauko ta da safe. Ya dubi katin.

"Katin daidai ne," ya ce a hankali.

Mai Taya ya hau, ya baje riga, ya ce wannan jam'iyya ba ta yar da na baya. Nan take ya naɗa Akawu shugaban matasa.