Abin da Goggo Aisatu Ta Nuna wa Kulsum

A Adabka, idan aka ce mace ta kamu da ciwon daji, kafin ma a yi mata sannu an riga an kafa mata doka: ba allura, ba wuƙar likita. Wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu ko'ina a jiki. Haka kowa ya tashi ya ji, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wa dajin ya kira gefe ya gaya wa.

Kulsum ma da wannan ta girma. Ranar da take wanka hannunta ya ci karo da wani ɗan curi mai tauri a mamanta na hagu, kamar ƙwallon magarya, ba asibiti ne ya fara faɗo mata a rai ba. Munira ce, ɗiyarta tilo, wadda ko ɗaura zane ba ta iya ba tukuna. Idan ta mutu, wa zai riƙe yarinyar? Tsoro ya kama ta har ta manta da sabulu a wuya, ta fito ta aika a kira mata Inna, mahaifiyarta.

Inna ta zo ta latsa wurin, fuskarta ta canza.

"Inna, ko mu tai Gummi a duba?" in ji Kulsum.

"Ki tai ina? Kin mance da ƙanwata Husaina? Da ƙahwarta munka kai ta asibiti, sunka sa mata wuƙa, gawa anka maido muna. Ba ni sake ba ƙarhe wani nawa."

Magana ta ƙare a nan. Halilu, mijin Kulsum, ya so a je asibitin, amma shi mutum ne da zai iya kayar da sa a gona, ya kasa haɗa ido da surukarsa. Ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya, shi ma bango yake kallo, sannan ya hau babur ya je wajen Bukkuyum ya karɓo abin da Inna ta ce: sassaƙe na sha, gari na shafawa, da wani ganye na hayaƙi mai warin da ke korar kaji daga tsakar gida.

Damina ta shiga, gero ya fitar da kai, Kulsum tana sha tana shafawa. Curin bai ji ba. Kullum Inna ta duba sai ta ce yana sacewa, Kulsum kuwa jikinta ne, ta san girma yake yi. Ta daina tambaya, sai dai ta zauna tana kallon Munira tana wasan ƙasa, hawaye na zubo mata.

Wata rana da hantsi Goggo Aisatu ta yi sallama. Bafulatana ce daga rugar gabas da gari, ta daɗe tana kawo kindirmo da man shanu gidan su Inna tun Kulsum tana yarinya. Mace ce mai baki, wadda ba ta taɓa yarda ludayinta ya yi ƙanƙanta ba. Ta tarar da Kulsum a ɗaki lulluɓe da bargo a kan kaskon hayaƙi tana tari, Inna na fifita garwashi.

"Wanga wari hwa? Kihi kuka banda ko mutum?"

Inna ta yi ƙasa da murya ta gaya mata.  Goggo Aisatu ta sauke ƙwaryarta ta bar ta a bakin ƙofa, abin da ba ta yi sai an gama ciniki, ta shiga ɗakin ta saki labule. Ta yaye bargon daga kan Kulsum, sannan ta ɗaga rigarta ta zaro wani tsumma a naɗe daga ƙirjinta na dama, ta jefar a kan tabarma.

Babu mama a wurin. Ƙirji ne shafe, da wani dogon tabo da ya tsufa har ya koma kalar fata.

"Duba da kyau, ɗiyata. Taɓa, ba shi cizo. A Sakkwato anka cire shi, tun kina goye. Ƙarhe ya taɓa ni, allura kau har na gaji da ita. Ga ni nan ina cutar ku da ludayi har yau."

Kulsum ta miƙa hannu ta taɓa tabon. Shekara da shekaru matar nan tana shiga gidansu, tana tsugunawa, tana dariya, ba wanda ya sani.

"To Husaina hwa?" Inna ta ce.

"Ni na ga Husaina, kin san na gan ta. Sai da abin ya hwashe yana ruwa kunka ɗauke ta. Ba wuƙa ta kashe ta ba, jinkiri na. Ni kunya ta hana ni hwaɗin nawa, da na nuna muku tun lokacin. Wagga dai ba ni yin shiru a kanta."

Inna ta saki maficin. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka binne ƙanwarta. Da ta share fuska sai ta ɗauki butar ruwa ta kwara a kaskon, ta fita har bakin zaure, ta kira surukin da ba ta taɓa ambatar sunansa ba.

"Halilu! Hiddo babur."

Hanyar Adabka a damina ba ta raga wa lafiyayye ma, balle mara lafiya, amma sun isa Gummi. Daga can aka tura su Sakkwato. Aka yanki ɗan nama aka auna, wata likita ta ce daji ne, kuma da sun ƙara jinkiri da zancen ya zama wani. Aka cire maman gaba ɗaya. Bayan haka aka shiga ƙarin wani magani ta jijiya, mai sa amai, wanda ya zubar mata da gashi har gira. Kulsum ta sha wuya, akwai ranakun da ta ce a bar ta haka. Inna ce ke jinya. Duk sanda aka zo da allura sai ta riƙe hannun ɗiyarta gam, ta juya fuska bango tana salati, kamar ita za a soka.

Sai bayan an kai amfanin gona gida, an share gonaki, likitar ta duba sakamako ta ce a yanzu ba su ga saura ba, amma ta riƙa zuwa ana dubawa. Kulsum ta yi sujada a nan kan simintin asibiti, ba ta damu da masu kallo ba. Ta gode wa Allah, ta gode wa likitar har matar ta ji nauyi, ta riƙa sa wa Goggo Aisatu albarka a mota tun daga Sakkwato har gida.

Da ta kai mata turmin atamfa ruga, ta durƙusa za ta yi godiya, sai kuka ya ci ƙarfinta. Goggo ta ɗaga ta tana faɗa.

"Tashi, ke kau! Ni mi na yi? Riga kaɗai na ɗaga. In kina son saka mini, ki bar cewa kindirmona ruwa na."

Munira, wadda aka bari wajen gwaggonta duk tsawon jinyar, da farko ƙin uwarta ta yi, ta ɓuya bayan turmi saboda kan da ba gashi. A hankali ta saba. Wata safiya Kulsum tana canza riga a ɗaki yarinyar ta faɗo ba sallama, ta tsaya cak tana kallon ƙirjin. Ta matso ta ɗora ɗan yatsanta a kan ɗinkin.

"Inna, ina ɗayan?"

Kulsum ta tsuguna ta jawo ta jikinta.

"Na baro shi Sakkwato," ta ce, "don in dawo wurinki."