Gadurum

Kwana tara wayar Kofur Abdulmalik a kashe. Matarsa Zinariya ta kira har ta gaji. Ranar Laraba da hantsi sai ga Ashafa ya yi sallama a gidansu na Sheshe. Tare suka taso da mijinta, rana ɗaya suka shiga soja.

"Kwantar da hankalinki, yana gadurum," in ji shi.

"Mene ne kuma gadurum?"

"Ɗakin masu gadi ne a bakin bariki. Ba a riƙe waya a wurin."

Ta yi hamdala, ta ɗauro masa dambun nama ya kai wa maigidan.

Da la'asar ta biya Mandawari wajen kawunta Ilu, tsohon soja mai gyaran rediyo, ta ba shi labari tana murmushi. Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Bai yi miki ƙarya ba, 'yar nan, rabi dai ya faɗa. Masu gadi suna ɗakin gaba. A ƙurya akwai wani mai ƙofar ƙarfe, nan ake kulle sojan da ya yi laifi. Duka biyun gadurum ake ce musu. Kuma babu mai yin kwana tara yana gadi."

Washegari suka hau adaidaita, suka fita ta Ƙofar Kabuga, suka nufi barikin. Sai da Kawu ya yi ta roƙo kafin aka fito da Abdulmalik. Babu hula, babu bel, an yi masa aski ƙwal.

"Harsasai suka ɓace a hannun Ashafa, ranar da ya bar wurin aikinsa ya tafi ɗaurin aure," in ji Abdulmalik, murya ƙasa-ƙasa. "Na rufa masa asiri. Da bincike ya zo, ya rantse ni ya damƙa wa."

Zinariya ta waiga. A kan benci, cikin masu gadin, ga Ashafa da makullai a hannu. Ya sunkuyar da kai.

"Ka shigo har tsakar gidana," ta ce masa. "Na shimfiɗa maka tabarma."

Bai ɗago ba.

Kwana ashirin da takwas Abdulmalik ya yi a ciki, aka kuma cire masa igiya ɗaya ta muƙaminsa. Ashafa ya nemi canjin wurin aiki, ya bar Kano. Har yau Zinariya tana gaida mahaifiyarsa idan sun haɗu a lungu, amma ba ta taɓa tambayar ta lafiyarsa ba.