Kabarin Kokoe

Ayele tana juya kifi a kan murhun banda ta ji ƙarar katafila ta ɗauke. Ba a jima ba sai ga maƙwabciyarta Ablavi tana haki.

"Yaya Ayele, bar kifin nan. Mijinki ya yi zaman dirshan a gaban katafila, wai sai dai a bi ta kansa."

Ayele ta janye itacen wuta, ta goge hannu a zani, ta bi ta cikin itatuwan kwakwa zuwa bayan gari. Warin ne ya fara tare ta. Tsohon ramin najasar garinsu, Sivakope, an gina shi tun garin bai wuce gidaje kaɗan na masunta ba. Yanzu duk damina sai ya cika ya tumbatsa, ya gangara tafki, ya tsima cikin rijiyoyi. Damina biyu da suka wuce amai da gudawa ya shigo gari ya ɗauki yara. 'Yarsu Kokoe, mai shekara shida, da safe tana tsince ƙananan kifi daga tarun ubanta, kafin washegari ta cika.

Ayele ce ta ja matan banda suka yi ta sintiri a ofishin magajin gari har aka amince za a gina sabuwar matatar ruwan ƙazanta. Ba ta san cewa filin da za a auna zai haɗa da gonar surukinta ba, inda mijinta Tetevi ya binne yarinyar kusa da kakanta. Tun ranar da aka kafa turaku, ko tuwon masara ta ajiye masa sai ya ci bai ɗago kai ba.

Ta same shi zaune a kan yashi, bayansa jingine da ɗan gicciyen katakon da ke kan kabarin. Injiniya Sefako, matar da ke kula da aikin, ta cire hular kwano ta durƙusa a gabansa.

"Yaya Tetevi, na zagaya garin nan kaf. Can teku na cin ƙasa, nan tafki. Babu inda kududdufan tacewa za su zauna sai nan. Fada ya ba da wuri a maƙabartar coci a mayar da ita can."

"Ke kina da ɗa a ƙasa?"

"Ba ni da shi."

"To ki yi shiru."

Direban katafila ya leƙo. "Dattijo, rana fa tana yi. Mu ba gawa muka zo tayarwa ba, kashin garinku muka zo kwashewa."

Wani ya yi dariya, Ablavi ta watsa masa harara ya haɗiye sauran.

Ayele ta zo ta tsaya a kansa. "Baban Kokoe."

Ya ɗago. Rabon da ta kira shi da sunan nan tun ranar jana'iza.

"Ke kika kawo su," ya ce. "Ruwa ya kashe ta, ke kuma za ki hana ta kwanciya."

"Ni na kawo su. Ablavi ciki gare ta, ka gani. Rijiyar da Kokoe ta sha, ita abin da za ta haifa zai sha." Ta sunkuyo kusa da shi. "Kana tsammani ni ina barci? Ni na yi mata wanka na ƙarshe."

Ya dubi tafki. Sannan ya miƙe ya nufi gida, babu wanda ya tare shi. Da ya dawo, shebur biyu ne a kafaɗarsa da kwalbar sodabi a hannu. Ya tsiyaya giyar a ƙasa, ya kira sunan ubansa, ya nemi gafara, ya kira sunan 'yarsa ya ce mata kada ta ji tsoro, ƙaura ce kawai.

"Ƙarfen can ba zai taɓa ta ba," ya ce da injiniya. Ya miƙa wa Ayele shebur ɗaya.

Suka yi ta haƙa, mutane sun ja baya. Da farko yashin fari ne, busasshe. Da ramin ya kai gwiwa sai ya fara duhu, ya fara danshi. Da ya kai ƙugu, baƙin ruwa ya soma tsattsafowa ta gefen da ke fuskantar tsohon ramin, da warin da kowa a garin ya sani. Shebur ɗin Tetevi ya taɓa katako. Akwatin ya ruɓe, murfin ya rufta, ruwan ya cika shi fal.

Tetevi ya saki shebur. Duk Lahadi yana zuwa nan ya share ganye, ya cire ciyawa, ya zauna ya ba ta labarin teku.

"Tun yaushe?" ya tambaya, bai juyo ba.

Sefako ta matso bakin ramin. "Gindin tsohon ramin ya daɗe da tsagewa. Ina jin tun kafin a kwantar da ita."

Ya durƙusa cikin ruwan ya sa hannu biyu. Ayele ta kwance zaninta na sama ta shimfiɗa, yana miƙo mata ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa tana jerawa. Ablavi ta kawo ruwan leda daga shago, ba na rijiya ba, aka wanke abin da ya wanku. Direban ya sauko daga katafila ya tsaya can gefe, hula a hannu.

Da suka gama, Tetevi ya fito daga ramin ya dubi injiniya.

"Ubana ma yana ciki. Gobe zan zo da ƙannena mu ɗauke shi. Daga nan ki haƙa. Ki haƙa da zurfi, ki yi wa sabon ramin gindin da ba ya tsagewa."

Ayele ta ƙulle zanin ta rungume shi a ƙirji, suka kama hanyar coci. Sun kai wajen da ake jan kwale-kwale sai ya ce, "Kawo ta, kin gaji."

"Ba ta da nauyi."

"Na sani. Kawo ta."

Ta miƙa masa.