Kukar Bakin Taga

Shekara uku Raliatou tana rainon 'yar kukarta a bakin taga, a garin Saint-Denis na ƙasar Faransa, inda take zaune da gwaggonta Hajiya Fatsima. So take ta mayar da ita bonsai, irin itacen nan da ake tsarewa cikin ƙaramin kasko ya tsufa bai yi tsawo ba. Irin kuwa daga Damagaram ta zo da shi, daga kukar bayan ɗakin marigayi babanta, wadda aka sare da aka sayar da gidan. Cikin 'ya'yan da ta shuka wannan kaɗai ta tsira. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ita magana nauyi take yi mata.

Shawara kuwa ta sha ta a intanet har ta gaji. Wannan ya ce ƙara ruwa, wancan ya ce rage. Wani ya ce ta datse babbar saiwa, ta datse. Tun daga nan kukar ta yi yaushi.

Ranar wata Asabar ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, wurin taron masu rainon bonsai, da hotuna a waya. Ta daɗe a raɓe jikin bango kafin wani tsoho Bafaranshe mai ƙasa a farce ya yafuto ta. Ya duba hotunan, ya cire tabarau.

"Wa ya ce ki yanke saiwa?"

"A intanet ne," ta ce, murya can ƙasa.

"Shi ya ga itacen?"

Ta girgiza kai.

"To, saurara. Ganyen nan da ya rage shi ke ciyar da ita. Kada a taɓa ko ɗaya. Ruwa kaɗan, sai ƙasa ta bushe ƙayau. Bana ki ɗaure hannunki a baya."

Tana buɗe ƙofa da yamma ƙamshin daddawa ya tare ta. Ta dubi taga. Kukar na tsaye tsirara kamar sandar makiyayi, ganyen kuma ga shi shanye a faranti.

"Kin dawo, 'yar Lyon?" Gwaggo ta leƙo daga madafa. "Wai ashe kuka ce kike ɓoye mini? Ina ta sayen tsohon garin kuka mai ɗaci a kasuwar Porte de la Chapelle, ga ɗanya a gidana!"

"Gwaggo, duka kika tsinke?"

"Duka nawa ne? Ko miyar mutum ɗaya ba zai kaɗa ba. Ke da digirinki, sai rainon itacen da ba inuwa ba 'ya'ya."

Raliatou ta dubi ƙofar ɗakinta. Da ta wuce ɗaki kamar kullum, amma ƙafarta ta ƙi.

"Kukar Baba ce," ta ce. "Ta bayan ɗakinsa. Ita kaɗai ta rage."

Gwaggo ta ajiye ludayi. Ta daɗe tana kallon farantin.

"Wadda babanki Illiassou ke hawa muna yara, Inna na binsa da tsumagiya?" Ta goge ido da bakin zane. "Ke kuwa, 'yar nan, bakinki ciwo yake yi? Shekara uku!"

Ba a yi miyar ba. Ganyen da ya bushe Gwaggo ta zuba a kwalba ta ɗora bisa kantar madafa.

Raliatou ta kira tsohon nan na Lyon a lambar wayar da ya ba ta. Ya ce ba shi da tabbas, amma itacen da ba ganye ba ya shan ruwa, in aka jiƙa shi saiwar ruɓewa za ta yi.

Makonni suka wuce, sanda dai sanda. Sai wata safiya ta ga ɗan kore kamar ƙwayar gero a ƙarshen reshe. Ta taɓa ƙasar kaskon don murna, ta ji ta jagab. Ta juya, ga Gwaggo tafe da buta cike, tana murmushi.

"Safe da yamma nake ba ta, in kin tafi aiki. Itacen ɗan'uwana ba zai mutu da ƙishi a gidana ba."

"Gwaggo!" Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Don Allah ajiye butar nan!"

Ta rungumi kaskon, ruwa na ɗiga a rigarta, ta kai shi ɗakinta ta murza makulli.