Sunan da ke Cikin Amshi

Sau goma sha ɗaya sunan ya fito a waƙar. Bakkay ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, sai ka ce ƙirgar za ta rage shi.

Waƙar tsokana ce. Shekara tara da suka wuce ya tsara ta don ya zolayi mai gangarsu, mutumin da ba ya iya yin komai a hankali, kiɗa ko tuƙi: "Wane, jira mu, rijiyar ba guduwa za ta yi ba." Ita ta fitar da ƙungiyarsu, Kel Anu, daga wasan bukukuwa a unguwannin Tamanrasset, ta kai su Turai, inda waɗanda ko gaisuwa ba su iya da Tamashek ba suke ƙwala sunan. To, mai gangar bai jira ba. Wata biyu ke nan da motarsa ta kife a hanyar In Gezzam, kuma mutanen Bakkay ba sa kiran sunan mamaci. Sai dai a ce "wanda ya tafi".

"Gobe dole ka rera ta," in ji Mokha, mai ɗaya jitar. "Wa zai tsaya cikin rana don sauran waƙoƙin nan naka na kukan raƙuma?"

"A garinsu? Uwarsa tana ji? Kai dai ba ka da kunya."

"Kunya ce za ta cika mana fili? Faransawa har yau suna kiransa a rediyo."

"Faransawa ba su ci gurasar hannunta ba."

Da hantsi Bakkay ya je gidan Tekna, mahaifiyar mamacin. Ya tarar da ita a inuwa tana ɗinkin jakar fata. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya tsuguna nesa kaɗan. Aka kawo masa shayi.

"Inna, gobe za mu yi wasa. Mutane za su nemi waƙar nan, ta wanda ya tafi."

Ta ci gaba da ɗinkinta.

"Ni na zaɓa masa sunan," ta ce. "Ubansa wani yake so, na kafe. Wata biyu ke nan ko a bakin maƙwabta ban ji shi ba." Ta gatsa zaren da haƙori. "Mutanen kirki ne, maƙwabtana."

Bakkay ya ɗauka kashedi ne. "Ba za mu ba ki kunya ba, Inna."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Sha shayinka, zai huce."

Washegari da la'asar filin ya cika maƙil. Tun kafin ya taɓa jita ake ihun "Rijiya! Rijiya!" Ko Bakkay ya kame nasa bakin, wa zai kame na samari dubu?

Ya fara. Da ya iso amshin sai ya ɗage hannu daga tsirkiya, ya rufe baki. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan akuya a bayan katanga. Babu wanda ya kira. Sannan gaba ɗaya suka ɗauka: "Jira mu, rijiyar ba guduwa za ta yi ba."

Haka na biyu, haka na bakwai. Mokha mara kunya yana kaɗawa, hawaye na jiƙa masa rawani. Bakkay ya ji alfahari da mutanensa irin wanda bai taɓa ji a Turai ba.

A na goma sha ɗaya ya hango ta. Tana can gefe cikin mata, ita da ba ta taɓa zuwa wasansu ba. Ta karkato gaba, ta janye mayafinta daga kunne ɗaya, tana jira.

Ya buɗe baki. Amma gurbin sunan ya riga ya wuce, kuma waƙar ba ta da na goma sha biyu.