Ƙarƙashin Ƙafar Mai Aski

Ƙarar diga ce ta sa Mai Ɗinki ta ɗage ƙafa daga kan kekenta. Dum! Dum! Har allurai na tsalle a cikin gwangwani. Daga shagon aski bugun yake fitowa, bango ɗaya ne tsakaninsu, ga hantsi ya dubi ludayi amma ƙofar shagon a rufe ruf.

Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin haka ba. Ƙofar ƙarfe ce mai kuka, kullum da sassafe Baba Mai Aski zai ja ta, ƙiiii, duk layin ya san gari ya waye. Ana ruwa yana nan, an ɗauke wuta yana nan da almakashi, kasuwa ta mutu yana nan tsaye bayan kujerarsa. Shi ya sa bencinsa ba ya rabuwa da mutane. Shaguna masu madubi har rufi sun buɗe sun rufe a gabansa. In an ce, "Baba, wai ina ka ɓoye sa'ar nan?" sai ya yi dariya ya doka ƙasa: "Tana ƙarƙashin ƙafata."

Yanzu ciwo ya kayar da shi a ɗakin bayan shagon. Abu ɗaya ya roƙa, a riƙa buɗe ƙofar ya ji kukanta. Ɗansa kuwa, wanda layin ke kira Ina-Zuwa saboda yakan bar mutum da rabin aski ya ce "ina zuwa", jiya ma sai da aka tashe shi da tsawa.

Mai Ɗinki ta zagaya ta cikin gidan Baba, ta tura ƙaramar ƙofar baya. Ƙura ta tare ta. An jingine kujerar aski da bango, ƙafafunta a sama, Ina-Zuwa yana tsakiyar ɗakin ba riga, gumi sharkaf.

"Kai! Uban me kake yi?"

"Yaya, ki taka a hankali, akwai rami."

"Na ce me kake yi?"

"Da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji. Wani abu ya binne a nan. In ya tafi bai nuna mini ba, wa zai nuna mini?"

Ta dubi ƙasa, zuciyarta ta tafasa. Kewaye da inda kujerar take zama, simintin ya lotsa ya yi santsi kamar cikin tsohon cokali, nan ƙafafun tsohon suka yi ta zagaya kawunan mutane tun kafin a haifi wannan sakaran. Ya riga ya farfasa rabi.

"Amma kai dai an yi asarar haihuwa! Gumin da ka zubar yau, da aski ka yi da shi, da tuni..."

"Ke ba ki san duniya ba, Yaya. Zama kawai ke kawo mutane? Ai ni ma ina zama."

"Kana zama? A ina? Ɗuwawunka ƙaya ne da shi!"

Muryar Mama, matar tsohon, ta katse su. Mai Ɗinki ta shiga ɗakin. Baba ya ƙanƙance a kan katifa, yatsunsa na motsi bisa zanin gado kamar yana neman almakashi.

"'Yar nan," ya ce da ƙyar, "an buɗe?"

"Yanzu za a buɗe, Baba."

"Wannan bugun fa?"

Ta ce, "Gyara ake yi."

Dum! Ƙoƙon maganin da ke gefensa ya girgiza. Ya lumshe ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskoki a madubi, shi za ta yi wa ƙarya? Haushin yaron da haushin kanta suka haɗe mata.

Ta koma shagon a fusace, ta tsallake ramin ta nufi sakata.

"Yaya, kar ki buɗe! So kike mutane su gani?"

"Su gani mana! Kunya kake ji? Ashe kana da ita!"

Ɓaraguzai sun tokare ƙofar. Ta durƙusa tana watsar da su da hannu, ɗaya ya yanke ta a yatsa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zare sakata, ta sa kafaɗa.

Ƙiiii.

Haske ya faɗo cikin ƙurar. Ta juya za ta ruga ɗaki, sai ga Mama tsaye a ƙofar baya, hannuwanta a sake.

"Mama, ya ji?"

Tsohuwar ta girgiza kai. Ba ta dubi ɗanta ba.

"Digar dai ya ji. Ya cika."

Digar ta suɓuce daga hannun Ina-Zuwa. Ya zauna a bakin raminsa, babu komai a ciki sai jar ƙasa da tsakuwa.

Ƙofar ta fara komawa da kanta. Mai Ɗinki ta sunkuya ta zaɓi guntun siminti ɗaya, mai santsin nan, ta shafe ƙurarsa da gefen zaninta, ta tokare ƙofar da shi.

A waje, kan benci, wani dattijo yana zaune. Ya riga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.