Ɗakin da ke Jikin Taransifoma

Ƙafar gadon ta maƙale a bakin ƙofa. Maigidana yana ja daga waje, Auta tana turowa daga ciki, shi kuwa mai gadon yana zaune a baranda yana kallonsu kamar kayan wani ake kwasa.

"Ina za a kai?" ya tambaye ni.

"Falo, Baba. Can ya fi iska."

"To." Jim kaɗan ya sake ɗago kai. "Ina za a kai?"

Injiniya muke ce masa a layinmu, duk da shi da bakinsa ya sha cewa gadin wayoyi kawai ya yi. Ƙuruciyarsa duk a tashar rarraba wutar lantarki ta ƙare, tsakanin manyan injina masu gurnani. Da ya yi ritaya kuma sai ya kama gidan da ke jikin namu, wanda bangon ɗakin kwanansa ke dab da taransifomar unguwa. "Ni da wuta auren zobe muka yi," haka yake cewa yana dariya.

Mantuwarsa da makulli ta fara. Ta koma kan sunayen jikoki, har ta kai ranar da ya tsaya riƙe da cokali ya rasa me ake yi da shi.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar makaranta ce. Hutu ta zo, ta ƙi komawa. Ta karanta a wayarta cewa irin waɗannan injina suna fitar da wani ƙarfin maganaɗisu da ido ba ya gani, kuma masana suna binciken ko yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ni na raka su asibiti ranar da ta tsare likita da tambaya.

"Ana ta bincike, ba a tabbatar ba tukuna," in ji shi. "Tsufa kaɗai ma yana kawo wannan."

"Amma ba ka ce a'a ba."

"Ban kuma ce e ba."

Wannan ya ishe ta. Shi ya sa ake cicciɓar gado.

Matar Injiniya, wadda nake kira Yaya, tana tsaye da zanin gado jiƙaƙƙe a hannu. "'Yar nan, ni ma a ɗakin nake kwana, ga ni da hankalina. Saura ƙiris dai."

"Umma, sai mu zuba ido?"

"Ni dai ku bar ni in zauna."

A falo Injiniya bai samu natsuwa ba. Ya daina cin abinci, sai zirga-zirga. Yakan je ƙofar ɗakin da Auta ta kulle ya kara kunne.

"Layin wuta ya faɗi," yake cewa, ga fanka tana juyawa a kansa. "Ku kira su. Mutane suna jira."

Wata rana da tsakar rana na fito shanya, na hango shi a waje ba takalmi, ya riƙe ragar da ta kewaye taransifoma. Na ruga a guje. Da na iso sai na ga fuskarsa kwance, idonsa a lumshe.

"Wuta ta dawo," ya ce min a hankali.

Da ƙyar na ɓanɓare yatsunsa.

Washegari Yaya ta buɗe ɗakin, ta kama katifa tana ja ita kaɗai za ta mayar ciki, tana nishi. Auta ta tare ƙofa.

"Umma, ƙarasa shi za ki yi?"

"In ma abin nan ne, ya riga ya ci abin da zai ci. Ki bar min mijina ya yi barci. Ni ma na gaji, Auta. Wallahi na gaji."

Auta ta share hawaye. Sannan ta sunkuya ta kama ɗaya gefen katifar.

Ya yi barci kuwa, bayansa jikin bangon da gurnanin taransifoma yake ratsowa. Ya riƙa karɓar shayi kaɗan-kaɗan, daga baya ya daina. Wata safiya, yara suna wucewa makaranta, Yaya ta ƙwanƙwasa mana taga.

"Ƙanwata, zo ki kama min. Ya tafi."

Bayan an dawo daga binne shi, Auta ta same ni ina wanke kofuna.

"Anti, ke a ganinki taransifomar ce? Ko fitar da shi daga ɗakin da na yi ne ya ƙara masa?"

"Na farkon ban sani ba," na ce. "Na biyun kuwa ba ke ba ce."

Ta gyaɗa kai, amma ban ga alamar ta yarda ba.

Da jama'a suka ragu, Yaya ta shigo dawo min da farantan da na ara musu. Na ce ta zauna in kawo mata ruwa. Kafin in dawo barci ya ɗauke ta a kan kujera, farantan a cinyarta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya zame. Na ajiye kofin a ƙasa, na rage muryar rediyo.